Ƙarancin Maleji Ba Lafiya Ba Ne: Amsa Kan Saye Da Tuƙin Motar Ƙoli

"Malam, barka da ƙoƙari. Ni ne nake riƙe da harkokin kawuna, kuma an kawo masa tayin wata mota daga cikin irin waɗanda kamfani kan ƙera 'yan ɗaruruwa kawai ya rufe. Shekararta 9 da fitowa, amma malejinta bai kai kilomita 800 ba, dillalin kuwa sai nanata mana yake yi cewa sabuwa ce dal, shi ya sa ma ya ɗora mata kuɗi fiye da na sauran 'yan'uwanta. Kawu yana so ya riƙa hawanta da kansa, ni kuma ina tsoron kada tuƙin ya karya darajarta, ko ya jefa shi cikin haɗari. Shin wannan ƙarancin tafiya alheri ne? Me ke biyo bayan sayen irin wannan mota, kuma yaya tuƙinta yake a zahiri?"

Ɗan'uwa, barka kadai. Allah ya ƙara wa kawu lafiya da nisan kwana, kai kuma ya saka maka da alheri bisa riƙon amana, domin ba kowane mai kula da dukiyar wani ne zai tsaya ya yi tambaya kafin a zuba kuɗi ba. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku ne suka sarƙe a tambayarka: ko motar da ta shekara 9 a ajiye ta fi wadda aka mora lafiya, da irin nauyin da ke hawa kan mutum bayan ya karɓi makulli, sai kuma ko dattijo mai sha'awa zai iya tuƙa ta ba tare da ya cutar da kansa ko dukiyarsa ba. Zan amsa maka ne a matsayin wanda ya daɗe yana kula da irin waɗannan motoci a garejin masu tara su, yana duba su kafin saye, yana raka su wurin gyara, yana kuma zagayawa da su a titi da filin tsere don kada su lalace a tsaye. Ban taɓa mallakar ko ɗaya ba, saboda haka farin cikin mai ita a ranar da ta iso ƙofarsa, a fuskarsa kawai na gani. Abin da ke faruwa a ƙarƙashinta bayan shekaru kuwa, wannan da hannuna na taɓa shi.

Tun daga farko zan faɗa maka inda na tsaya: motar da ta yi kilomita 800 a shekara 9 ba sabuwa ba ce, tsohuwa ce da ba ta yi tafiya ba, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tazarar kuɗi mai yawa da dillali ba zai ambata ba.

Wace ce motar ƙoli?

Ina kiransu motocin ƙoli ne saboda kowace ɗaya ita ce iyakar abin da kamfaninta ya iya a zamaninta, ba tare da duba tsada ba, sannan akan ƙayyade adadinta tun kafin a soma ƙira. Masu bin tarihin abin da yawa suna fara lissafi daga McLaren F1, wadda Gordon Murray ya tsara a Ingila, aka ƙera guda 106 kacal tsakanin 1992 da 1998, 64 daga ciki ne asalin na hawa a titi. Kujerar direbanta a tsakiya take, an shimfiɗa siririn zinariya a ɗakin injinta don ya mayar da zafi, kuma a 1998 ta yi gudun kilomita 386 a awa. Bugatti Veyron ta biyo baya a 2005 da inji mai silinda 16 da turbo 4 da ƙarfin doki 1001, ta haura kilomita 400 a awa. Guda 450 aka haɗa a Molsheim ta Faransa cikin shekara 10, Chiron da ta gaje ta kuma guda 500. A 2013 aka ga uku a jere masu haɗa fetur da lantarki, wato LaFerrari da aka tsara guda 499, da McLaren P1 guda 375, da Porsche 918 Spyder guda 918. Akwai kuma ƙananan gidaje irin su Pagani a kusa da Modena ta Italiya da Koenigsegg a Suwidin, waɗanda wasu samfuransu ba sa wuce ɗari.

Wannan ƙarancin shi ne tushen darajar, shi ne kuma tushen wahalar. Motar da aka ƙera miliyoyinta, duk wani ciwo nata an riga an gano shi a jikin motocin wasu, kayan gyaranta suna kan kanta, makanikan da suka san ta kuma ba su ƙirguwa. Motar da duniya gaba ɗaya ke da guda 300, wani lokacin ciwonta a jikin taka za a fara ganinsa, ƙarfen da ya lalace kuma sai an koma an sake ƙera shi. Har sayenta sabuwa ma ba kuɗi kaɗai ke yi ba: kamfani ne ke zaɓen wanda zai sayar wa, yawanci daga cikin tsofaffin abokan cinikinsa. Ford ya sa masu sayen GT ta 2017 sa hannu cewa ba za su sayar da ita ba sai bayan wata 24, har ya kai ɗan kokawa John Cena kotu da ya sayar da tasa kafin lokaci, daga baya suka sasanta. Na kawo wannan ne don ka gane cewa wanda ya sayi irin wannan mota, ko a hannu na biyu ne, ya ƙulla dangantaka da kamfanin da ba ta yankewa sai ranar da ya rabu da ita.

Zama ya fi tafiya cin mota

Nan ne zuciyar tambayarka, don haka zan ɗan daɗe a kai. Maleji nisa kaɗai yake ƙirgawa, ba ya ƙirga kwanaki, alhali rabin abubuwan da ke cikin mota kwanaki ne ke cinye su.

Fara da taya. Roba tana bushewa ta yi tauri ko da ba ta taɓa kwalta ba, kuma tayar da ta yi tauri ba ta kama ƙasa, komai kyan zanenta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin rubutun da ke farawa da DOT: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Masu ƙera taya da kansu suna cewa wadda ta wuce shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, wadda ta kai 10 a cire ta ko da ba ta goge ba. Wannan kuwa ga motar gida ce, ba ga wadda ke tura ƙarfin doki dubu ta faɗin roba da bai wuce 'yan tafukan hannu ba. A Nuwamban 2013 wata Porsche Carrera GT ta yi haɗari a Kalifoniya, ɗan wasan fim Paul Walker da abokinsa da ke tuƙi suka rasu. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, amma sun kuma rubuta cewa tayoyin motar sun haura shekara 9. Duk lokacin da na durƙusa ina karanta lambar taya, wannan labari yakan faɗo mini a rai. Idan motar da aka kawo wa kawu tana kan tayoyinta na asali, to kada kowa ya hau da ita titi kafin a sauya su.

Bayan taya sai ruwaye da robobi. Man birki yana shan laima daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2, kuma idan ya jiƙe yakan tafasa a lokacin da birki ya ɗauki zafi, ka taka ka ji ƙafarka ta lume. Fetur yana lalacewa cikin watanni, ya bar danƙo a famfo da bututun da ke fesa mai. Robobin da ke toshe mai a inji da giya suna buƙatar mai ya riƙa wanke su, idan suka bushe sai su tsuke su soma yoyo a ranar farko da aka matsa musu. Tiyo yana tsagewa daga ciki. Ruwan lagireto yana rasa sinadarin da ke hana tsatsa, Veyron kuwa lagireto 10 gare ta. McLaren F1 ma tankinta irin na motar tsere ne, jaka ce mai laushi da ake sauyawa bisa ƙidayar shekaru, an hau motar ko ba a hau ba.

Akwai wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba, kuma ni ya fi damuna. Motar da ke ajiye don kallo ba ta rasa masu cewa a tayar musu su ji ƙararta. Sai a kunna ta, a taka totur sau biyu ko uku inji yana sanyi, a kashe bayan minti biyar. Mafi yawan cin da inji ke yi wa kansa a daƙiƙun farko ne, kafin mai ya zagaya ya yi ɗumi. Kuma idan aka kashe shi bai yi zafi sosai ba, tururin da ƙonewar fetur ta haifar yakan koma ruwa ya kwanta a cikin baƙin mai da salansa. Ka ga ke nan mota tana iya nuna kilomita 800 alhali an yi mata irin wannan tashin sau ɗaruruwa, ba ta ko gama lallaɓawar farko da sabon inji ke buƙata ba.

Idan kuma tana daga cikin masu haɗa fetur da lantarki, to babban batirinta shi ne abin da za ka fi sa wa ido. An tsara su ne su zauna a jone da caja duk lokacin da suke gareji. Batirin da aka bari ya zube ƙasa warwas ya daɗe a haka yana iya mutuwa gaba ɗaya, sabonsa kuma daga kamfani kaɗai ake samu, a kan kuɗin da zai sayi wata motar alfarma sukutum.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. An taɓa kawo mini wata mai shekara 7 da kilomita ɗari shida da 'yan kai. Da na buɗe ƙofa, ƙanshin sabuwar fata ne ya tare ni, kujerar ko alamar zama babu, har robar da ke kan tabarmar ƙafa ba a cire ba. Muka ɗaga ta sama, muka kwance faifan da ke rufe cikinta, sai ga ɗigon mai ya taru ya yi kauri a inda inji ya haɗu da giya. Na buɗe murfin tanki na sunsuna, warin tsohon fenti ya bugi hancina maimakon warin fetur. Tayoyin baya sun lotsa a wurin da suka shekara suna ɗauke da nauyi, idan ka juya su da hannu kana jin wurin. Wata huɗu muka yi, mafi yawansu jiran kaya, kafin na yarda mai ita ya fita da ita. A gefenta a garejin akwai 'yar'uwarta, shekararsu ɗaya, ta yi sama da kilomita dubu ashirin, gabanta duk tabon tsakuwa. Ita juyen mai da sabon birki kawai aka yi mata ta koma hanya. Ta farkon kyan ɗan maciji ne da ita, kuma ita ce aka biya wa kuɗi mafi yawa.

Ba ina cewa kowace mai ƙarancin maleji haka take ba. Akwai masu ajiya na ƙwarai da ke kai motarsu sabis kowace shekara bisa kalanda, su bar ta a jone da caja a ɗaki mai daidaitaccen zafi da laima, su ɗan zagaya da ita har ta yi zafi. Irin wannan ta cancanci ƙarin kuɗi. Amma takardu ne za su nuna haka, ba lambar da ke gaban sitiyari ba.

Abin da ke biyo bayan makulli

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuɗin saye shi ne ƙofar shiga kawai. Sabis na shekara wajibi ne ko motar ba ta motsa ba, kuma a wasu daga cikinsu sai an kwance rabin bodin baya kafin a kai ga abin da a motar gida minti goma ya isa. Tayoyin Veyron guda huɗu, waɗanda Michelin ya ƙera mata ita kaɗai, sun kai kuɗin sabuwar motar iyali. Mercedes-AMG One, wadda aka tsara guda 275 da injin da aka ɗauko daga motar tseren Formula 1, kamfanin da kansa ya faɗa cewa sai an sake wa injin gini bayan kilomita 50,000.

Ba kowane makaniki ne ke taɓa su ba, ko da gwani ne, domin kwamfutar da ke magana da motar a hannun kamfani take. McLaren ya shekara da shekaru yana adana tsofaffin kwamfutocin Compaq na shekarun 1990 saboda su ne ke iya karanta kwamfutar McLaren F1. Wasu kamfanonin suna da ƙwararrun da kan hau jirgi su je duk inda mota take, wani lokaci kuma motar ce ake sawa a rufaffiyar tirela ko jirgin sama a mayar da ita gida. Don haka tambayi kanka tun yanzu: ina ne wurin gyara mafi kusa da kamfanin ya amince da shi, kwana nawa ne zuwa can, kuma ana samun fetur mai ingancin da littafin motar ya gindaya a inda za ta zauna?

Gangar jikinsu da zaren kabon ake yi, wanda ya fi ƙarfe sauƙin nauyi da tauri, amma halinsa daban ne. Ƙarfe yakan lotsa ya nuna maka inda aka buge shi. Kabon yana iya rabuwa daga ciki, fuskarsa tana sumul, sai an bi shi da na'urar da ke leƙa ciki da sauti kafin a gani. Shi ya sa ɗan karo da dakali kan iya zama gyaran watanni. Inshora kuma dole ta kasance irin wadda aka amince da darajar motar a rubuce tun farko, kuma ka karanta da kyau, yawancinsu ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere. Dokar ƙasa ma tana da nata: a Amurka, alal misali, motar da ba ta cika ƙa'idojin ƙasar ba ana iya shigo da ita a ƙarƙashin wani izini na musamman da aka soma a 1999, amma ba za ta wuce mil 2,500 a shekara ba.

Yadda tuƙinta yake

Mutane sun fi tambayata game da ƙure maleji, alhali abin da direba ke fama da shi kullum a ƙaramin gudu yake. Shiga kanta sai an koya: ƙofa ta ɗaga sama, ka zauna a kan faffaɗan dakalin gefe, ka zura ƙafafu, sannan ka zame cikin kujerar da ta kusa taɓa ƙasa. Idan kawu yana fama da baya ko gwiwa, ya gwada shiga da fita sau biyar a jere kafin a yi maganar kuɗi. Da zarar ka zauna, bayanka ba ka ganin komai sai ɗan abin da madubi ko kyamara suka nuna maka, faɗin motar ya kai mita 2, hancinta kuma yana ƙasa ƙwarai, har tudun rage gudu ko gangaren shiga gidan mai sai ka danna maɓallin ɗaga gaba, ka hau shi a karkace. Kana jin kowace tsakuwa da taya ta watsa tana ƙwanƙwasa kabon kamar ana jifan kwano. Ga kuma mutane: masu ɗaukar hoto da waya suna matso ka da motocinsu, hankalinsu yana kanka ba kan hanya ba, kuma a ganina su ne haɗarin da ya fi kusa da mai irin wannan mota a gari.

Ni ba na matsa mata sai na ga man inji ya yi zafi, tayoyi ma sun ɗumama, abin da kan ɗauki minti goma sha biyar ko fiye. Sanyin taya yakan kayar da sababbin masu ita, sau da yawa a 'yan mitoci daga inda suka tashi, musamman idan sun kashe na'urar da ke hana zamewa don su burge masu kallo.

Idan hanya ta buɗe ka taka totur sosai a karo na farko, abin da za ka ji ba daɗi ba ne tukuna. Ƙeyarka za ta manne da kujera, cikinka ya yi sama, idonka ya kasa bin abin da ke tahowa. Veyron tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.5, ta kai 200 cikin 7.3, ta kai 300 kafin daƙiƙa 17. Ma'anar wannan a titi ita ce, motar da ka hango can nesa ta riga ta zo gabanka kafin ƙwaƙwalwarka ta gama auna tazarar, domin ƙwaƙwalwar ta saba da ma'aunin motar gida. Wani abin mamaki shi ne na zamani suna da sauƙin tuƙi ƙwarai, giyarsu da kanta take shiga, sitiyarinsu ba nauyi, kuma wannan sauƙin ne ke ruɗar mutum ya zaci ya iya. Tsofaffi irin McLaren F1 ba sa ɓoye halinsu: babu na'urar hana birki kullewa, babu mai hana taya zamewa, babu mai sauƙaƙa sitiyari.

Game da ƙololuwar gudu, iyakata ta tsaya a ɗan sama da kilomita 300 a awa, a rufaffen fili, da malamin tuƙi a gefena, don haka abin da ya wuce nan lissafi zan ba ka, ba labarin jikina ba. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska takan ninka huɗu, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuma ya ninka takwas. Shi ya sa kusan rubu'in ƙarfin Veyron ya isa ya kai ta 250, sauran duka a kan ragowar yake ƙarewa. A kilomita 400 a awa mota tana cin mita 111 kowace daƙiƙa, fiye da tsawon filin ƙwallo, kuma ƙarfin da birki zai kashe ya ninka na gudun 100 sau 16. Duk giram ɗaya da ke bakin taya yana jan kansa waje da nauyin da ya haura kilo 3. Saboda haka ne Bugatti ya yi makulli na biyu: sai mota tana tsaye za a sa shi a gefen kujerar direba, ta duba kanta, ta sauka har cikinta ya rage kimanin santimita 6.5 da ƙasa, ta kwantar da fiffikenta, kuma da ka taɓa birki ta fita daga wannan yanayi. Wuraren da ake iya wannan gudu cikin aminci 'yan kaɗan ne a duniya, irin filin gwajin Volkswagen da ke Ehra-Lessien a Jamus mai miƙaƙƙiyar hanya ta kusan kilomita 9. Kawu ya cire wannan lamba daga ransa. Daɗin motar yana cikin yadda take amsa ɗan motsin ƙafa, da yadda take bin kwana kamar an ɗaure ta da igiya, da birkin da ke tsayar da ita tun kafin ka gama tsorata, kuma duk wannan ana samunsa a gudun da bai kai rabin ƙarfinta ba.

A ajiye ko a hau?

Dole in yi wa dillalin adalci: kasuwa tana biyan ƙarancin maleji. A Agustan 2021 an yi gwanjon wata McLaren F1 mai kimanin kilomita 390 a Pebble Beach ta Kalifoniya a kan dala miliyan 20.4 da ɗoriya. Sai dai ga ɗaya ɓangaren. Ɗan wasan barkwancin Ingila Rowan Atkinson ya sayi tasa a 1997, ya yi tafiyar sama da kilomita 60,000 da ita, ya yi haɗari da ita sau biyu, gyaran na 2011 ya ci fam 910,000, amma a 2015 ya sayar da ita a kan kusan fam miliyan 8 kamar yadda jaridun ƙasar suka ruwaito, ninkin-ba-ninkin abin da ya saya. Kuma ba kowace ce ke hawa ba. Jaguar XJ220 ta fito a farkon shekarun 1990 daidai lokacin da kasuwa ta faɗi, masu ajiye kafin alƙalami suka riƙa neman zamewa, ta daɗe ana sayar da ita ƙasa da kuɗinta na asali duk da ba a ƙera 300 ba. Abin da ke riƙe daraja shi ne matsayin motar a tarihi da tsabtar takardunta. Maleji ƙari ne a kai.

Hanyoyi biyu ne a gabanku, kuma kuskure shi ne a biya kuɗin ɗaya a bi ɗayar. Idan ajiya ake so, to wannan motar ta dace, amma a san cewa za a ci gaba da kashe mata kuɗi kowace shekara ba tare da an more ta ba, kuma ba wanda zai iya lamunce maka farashinta nan da shekara goma. Idan kuwa hawa kawu yake so, kamar yadda ka faɗa, to ƙarin kuɗin da dillali ya ɗora zai narke ne a kilomita dubu biyu ko uku na farko, bayan kun riga kun biya kuɗin farfaɗo da ita. Shawarata ita ce ku nemi 'yar'uwarta da ta yi kilomita dubu takwas ko goma sha biyar a hannun mai kula, da hatimin sabis na kowace shekara. Za ta fi araha, za ta fi lafiya, kawu kuma zai hau ta ba tare da yana kallon maleji yana jin kamar kuɗinsa ne ke zuba ba. Ni a raina, injiniyoyin da suka ɓata shekaru suna auna kowane giram ba su yi haka don a lulluɓe aikinsu da mayafi ba, kuma ina jin takaici duk lokacin da na ga irin wannan mota ta tsufa ba wanda ya san muryarta a hanya.

Game da tsoronka na haɗari, maganinsa koyo ne, ba hani ba. Kawu ya fara zuwa makarantar tuƙi a filin tsere da motar da ƙarfinta bai kai rabin wannan ba, ya koyi taka birki da gaske da kallon nesa, sannan ya yi kwana ɗaya ko biyu da malami a cikin tasa. Ya bar na'urorin kariya a kunne ko da yaushe, ya guji tuƙi cikin ruwan sama ko cikin dare a watannin farko, kuma a duba masa ido. Bayan haka ya riƙa fita da ita duk mako biyu ko uku, tafiyar da ba ta gaza kilomita 40 ko 50 ba, yadda komai zai yi zafi ya motsa.

Idan duk da haka ransa yana kan wannan ɗin, kada a biya ko sisi sai wurin gyaran da kamfani ya amince da shi ya duba ta, ku ne kuma za ku zaɓi wurin ku biya, ba dillali ba. A tura wa kamfani lambar shasi ya tabbatar da tarihinta da duk gyare-gyaren da ya yi kira a zo a yi, a fitar da rahoton lafiyar batir, a auna kaurin fenti, a leƙa kabon, a tabbatar babu bashi a kanta, a kuma ƙirga kayan da ta zo da su, tun daga caja har makulli na biyu idan tana da shi. Sannan a rubuto muku kuɗin farfaɗo da ita dalla-dalla, ku cire shi daga farashin. Ban ga motar ba, don haka ba zan yanke mata hukunci daga nesa ba. Amma idan ka aiko mini da lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, da kwanan watan kowane sabis da aka yi mata tun fitowarta, da amsar ko a jone da caja ta yi waɗannan shekaru, zan iya gaya maka ko ta cancanci a biya kuɗin dubawar.